Liu Yang da Gasar Sararin Samaniya: Ina Matsayinmu?

A fitowar wannan makon, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta kawo muku darasi a kan mace ta farko daga ƙasar Sin da ta je sararin samaniya, da gasar da manyan ƙasashe suke yi a can sama, da inda abin ya shafe mu a nan Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi. Rubutun ya ɗan yi tsawo, don haka a fara daga takardar hagu, kuma don Allah masu gaba su riƙa matsawa na baya su samu gani.

Ranar Asabar 16 ga Yuni, 2012, da ƙarfe 11:37 na safe agogon Najeriya, wata roka mai suna Long March 2F ta tashi daga tashar Jiuquan da ke hamadar Gobi. A ƙoƙuwarta akwai kumbo mai suna Shenzhou 9, a cikinsa mutum uku: kwamanda Jing Haipeng, da Liu Wang, da kuma Liu Yang mai shekara 33. Nauyin rokar ya kusa tan 500, mafi yawansa mai ne, kumbon da ke ɗauke da mutanen kuwa kimanin tan 8 ne. Cikin kimanin minti goma suka shiga falaki suka fara kewaya duniya.

An haifi Liu Yang a birnin Zhengzhou na lardin Henan a watan Oktoba na 1978. Ta shiga rundunar sojan sama a 1997, ta koyi tuƙin jirgi, aka ba ta jiragen ɗaukar kaya. Kafin a zaɓe ta, ta tara awa 1,680 tana tuƙi a sama. Akwai ranar da jirginta ya ci karo da garken tattabaru jim kaɗan da tashi, inji ɗaya ya samu matsala, amma ta lallaɓa ta sauke jirgin lafiya. Irin wannan natsuwar ake nema a wurin ɗan sama jannati. A watan Mayu na 2010 aka ɗauke ta horo, shekara biyu bayan nan ta hau kumbo. Lokacin tana da aure. Daga baya ta haihu, kuma haihuwar ba ta sa an ajiye ta ba, za mu dawo kan wannan.

Tafiyar ba yawon buɗe ido ba ce. Tun watan Satumba na 2011 Sin ta harba wani ƙaramin ɗakin gwaji mai suna Tiangong-1, wato fadar sama, tsawonsa ya ɗan haura mita 10. Aikin Shenzhou 9 shi ne ya cim masa ya haɗe da shi da mutane a ciki, abin da Sin ba ta taɓa yi ba. Ranar 18 ga Yuni na'ura mai sarrafa kanta ta haɗa su. Ranar 24 ga wata suka raba kumbon da ɗakin, Liu Wang ya sake haɗa su da hannunsa, don a tabbatar ko na'ura ta lalace mutum zai iya. Ita Liu Yang an ɗora mata gwaje-gwajen lafiya: yadda zuciya, tsoka da ƙashi suke sauyawa idan jiki ya daina ɗaukar nauyinsa. Ranar Juma'a 29 ga Yuni suka sauka da lema a filin ciyawa na Mongoliya ta Gida, bayan kwana 13.

Me ya hana su faɗowa?

Nan ne 'yan ajin kimiyya ya kamata su buɗe ido, domin tambayar tana fitowa a jarrabawar Fiziks. Da yawanmu idan muka ga hoton 'yan sama jannati suna shawagi a cikin kumbo sai mu ce ai can babu ƙarfin jan ƙasa. Ba haka ba ne. A lokacin tafiyar Liu Yang, Tiangong-1 yana nisan kimanin kilomita 350 ne kawai daga doron ƙasa, kusan tafiyar mota daga Kaura zuwa Kano da a ce an miƙe hanyar tsaye. A wannan nisan, ƙarfin da duniya take jawo abu da shi ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin goma ne kawai.

To me ke faruwa? Ka jefa dutse, zai yi gaba kaɗan ya faɗi. Ka ƙara ƙarfi, zai ƙara nisa kafin ya faɗi. Tunda duniya a dunƙule take kamar ƙwallo, akwai gudun da idan dutsen ya kai, yana faɗowa ƙasar tana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, sai ya yi ta faɗowa ba tare da ya iso ba. Wannan gudun shi ne kusan kilomita 28,000 a awa ɗaya, wato kilomita 8 ba kaɗan a kowane sakan. Da wannan gudun, tafiyar Kaura zuwa Gusau ba ta kai sakan goma ba. Kumbo ba a rataye yake ba, faɗowa yake yi kullum, gudunsa ne ya sa yake kuskure ƙasa.

Shawagin kuma? Ku ɗauki guga da tsakuwa a ciki. Muddin igiya tana riƙe da gugar, tsakuwar tana danne da gindinta. Idan igiyar ta tsinke, guga da tsakuwa suna faɗawa rijiya tare da gudu ɗaya, tsakuwar ta daina danna komai. Haka Liu Yang da kumbonta da cokalinta suke faɗowa tare, shi ya sa babu wanda ke danna wani. Abin yana da daɗin kallo amma yana cin jiki: tsoka tana saki, ƙashi yana rage ƙarfi, jini yana taruwa a kai har fuska ta kumbura. Shi ya sa suke motsa jiki kullum, kuma shi ya sa idan sun sauka ake ɗaukarsu a kujera.

Kewaye ɗaya yana ɗaukar kimanin minti 90, don haka a yini guda rana tana fito musu sau 16 ta faɗi sau 16. Mun san abin da wasu za su tambaya. Lokacin da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya ya je tashar ƙasa da ƙasa a watan Oktoba na 2007, cikin azumi, malaman ƙasarsa sun zauna sun fitar da jagora: ya bi lokutan sallah na wurin da kumbonsa ya tashi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iyawarsa.

Ranar da aka zaɓa

Ranar 16 ga Yuni tana da tarihi. A irin wannan ranar ce a 1963, shekara 49 cif kafin Liu Yang, Valentina Tereshkova ta Tarayyar Sobiyet ta zama mace ta farko a duniya da ta je sararin samaniya. Ma'aikaciyar masaƙa ce mai shekara 26 wadda ta ƙware a dirowa da lema. Ta kewaya duniya sau 48 ita kaɗai cikin kusan kwana uku.

Tafiyar Tereshkova ɗaya ce daga cikin zagayen dambe tsakanin Sobiyet da Amurka. Sobiyet ce ta fara kai naushi: tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, ranar 4 ga Oktoba, 1957, sai mutum na farko, Yuri Gagarin, ranar 12 ga Afrilu, 1961. Hankalin Amurka ya tashi, kuma ba don kunya kaɗai ba. Rokar da za ta iya kai tauraro falaki za ta iya kai bam ɗin nukiliya kowane birni a duniya. Amurka ta zuba kuɗi da malamai har ta sauke Neil Armstrong da Buzz Aldrin a kan wata a watan Yuli na 1969.

A ganinmu, Sobiyet ba don ɗaukaka mata ta tura Tereshkova ba, ta yi ne don ta riga Amurka. Hujjarmu ita ce bayan ta, sai da aka yi shekara 19 kafin su sake tura wata macen, Svetlana Savitskaya a 1982, daidai lokacin da Amurka take shirin tura Sally Ride, wadda ta tashi a watan Yuni na 1983. Ita ma Amurkar ba ta fita ba. Tun farkon shekarun 1960 wasu mata matuƙa jirgi 13 suka ci irin gwajin lafiyar da aka yi wa maza, amma aka ce sai wanda ya tuƙa jirgin yaƙi na gwaji, aikin da a lokacin ba a ba mata. Ɗaya daga cikinsu, Wally Funk, sai a 2021 ta leƙa sama na 'yan mintoci, tana da shekara 82. Baƙar fata mace ta farko, Mae Jemison, likita ce, ta tashi a 1992.

Ta wannan fuskar Sin ta ɗan fi, ko da yake ba da yawa ba. Shekara ɗaya bayan Liu Yang, Wang Yaping ta tafi a Shenzhou 10, ta koyar da darasin Fiziks daga cikin Tiangong-1 kai tsaye ga ɗalibai kimanin miliyan 60. Ita kanta Liu Yang ta koma a watan Yuni na 2022 cikin Shenzhou 14, tana uwa, ta yi wata shida, ta fita wajen tasha ta yi aiki, kuma a zamansu ne aka haɗa sassa biyu na ƙarshe na sabuwar tashar Tiangong. Duk da haka, zuwa ƙarshen 2024 matan Sin uku ne kacal suka je, ta ukun ita ce injiniya Wang Haoze.

Yadda Sin ta shigo fagen

Wani abin mamaki shi ne Amurka da kanta ta ba Sin uban rokokinta. Qian Xuesen masani ne da ya yi karatu da aiki a Amurka, yana cikin waɗanda suka kafa babbar cibiyarta ta binciken roka. Aka zarge shi da gurguzu, aka hana shi sakat na shekara biyar, a 1955 ya koma gida. Shi ya jagoranci aikin da ya kai Sin ga harba tauraronta na farko ranar 24 ga Afrilu, 1970. Sannu ba ta hana zuwa: sai ranar 15 ga Oktoba, 2003 Yang Liwei ya zama mutum na farko da Sin ta harba, ta zama ƙasa ta uku da ta iya hakan da rokarta.

A 2011 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta hana hukumar NASA haɗa kai da Sin ba tare da izini na musamman ba. Tashar ƙasa da ƙasa, wadda Amurka, Rasha, Japan, Kanada da ƙasashen Turai suka haɗu suka gina, babu Basine ko ɗaya da ya taɓa shiga cikinta. Da aka rufe musu wannan ƙofar, sai suka gina tasu. Sun sauke na'ura a bayan wata a 2019, wurin da ba a taɓa sauka ba, a 2024 kuma suka ɗebo ƙasar wurin suka kawo gida. Indiya ma ta sauke Chandrayaan-3 kusa da kudancin wata ranar 23 ga Agusta, 2023. Yanzu Amurka da Sin kowacce tana shirin kai mutum wata, kowacce tana neman ƙasashen da za su bi bayanta.

Kada a ɗauka duk abin a yaba ne. A watan Janairu na 2007 Sin ta harbo wani tsohon tauraronta da makami mai linzami, ya tarwatse ya bar ɓaraguzai fiye da 3,000 suna gudu a falaki, kowanne zai iya huda kumbo. Amurka ta harbo nata a 2008, Indiya a 2019, Rasha a 2021. Yarjejeniyar 1967 ta ce babu ƙasar da za ta mallaki wata ko ta ajiye makamin nukiliya a falaki, amma ba ta hana irin wannan gwajin ba. Sharar da huɗu suka zubar, taurarin kowa take barazana gare su, har da namu.

Ina namu?

Arewa ta shiga wannan tarihin tun da wuri, ko da yake ba kowa ya sani ba. A farkon shekarun 1960 NASA tana da tashar bibiyar kumbo a Kano. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, da John Glenn yake kewaya duniya, ya yi magana da tashar Kano ya ce yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, suka amsa masa cewa iska ta yi ƙarfi a makon. Hazon hunturunmu ne ya gani. Sannan ranar 23 ga Agusta, 1963, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shugaba Kennedy suka yi magana ta waya ta tauraron Syncom 2, karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi hakan.

An kafa hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, a 1999. Tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, an ƙera shi a Ingila aka harba daga Rasha a watan Satumba na 2003, makonni kaɗan kafin tafiyar Yang Liwei. Ya yi aiki, har hotunansa sun taimaka lokacin ambaliyar Katrina a Amurka a 2005. Na sadarwa kuwa, NigComSat-1, Sin ce ta ƙera ta kuma harba daga Xichang a watan Mayu na 2007. An ce zai yi shekara 15, amma a watan Nuwamba na 2008 faifan hasken ranarsa ya lalace, ya mutu. Sin ta maye shi da NigComSat-1R a watan Disamba na 2011. Irin wannan tauraron yana nisan kusan kilomita 36,000, inda kewayensa yake ɗaukar awa 24 daidai da juyawar duniya, shi ya sa faifan talabijin da ke kan rufin gidajenmu ba ya buƙatar juyawa. A watan Agusta na 2011 an harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu a Ingila. A 2017 kuma Jami'ar Fasaha ta Akure ta haɗa kai da wata jami'ar Japan aka harba wani ɗan ƙaramin tauraro.

Ku lura da abu ɗaya: babu ko guda da ya tashi daga ƙasarmu ko a kan rokarmu. Ingila ta ƙera, Rasha ta harba, Sin ta ƙera ta harba, sannan a watan Disamba na 2022 Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta Amurka. Wasu cikinmu sun ce wannan wayo ne, mu ci da kowa. Wasu sun ce kayan aro ba ya rufe katara. An taɓa sa 2015 a matsayin shekarar da za mu tura ɗan sama jannatinmu, aka ɗaga zuwa 2030.

A taronmu wani ɗan ƙungiya daga Zurmi ya yi tambayar da ta fi kowacce nauyi. Ya ce mutanen da ba su iya zuwa gona saboda 'yan bindiga, ina ruwansu da wata? Mun daɗe a kanta. Abin da muka tsaya a kai shi ne, wata kam ba ya gabanmu yanzu, amma tauraron ɗan'adam yana gabanmu. Hasashen damina da ake karantawa a rediyo, wanda manomin gero da dawa yake jira kafin ya yi shuka, da hotunan taurari ake haɗa shi. Taswirar da ke cikin wayar direba da su take aiki. Duk wanda yake nan a watan Satumba na 2021 ya tuna lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara aka kuma rufe kasuwannin mako, muka koma ba direbobi takarda su kai wa 'yan'uwa. Mun ga yadda rayuwa take idan sadarwa ta yanke.

Sai dai kada a yaudare mu cewa tauraro zai gama da matsalar daji. NigeriaSat-2 ba ya bambance abin da bai kai faɗin mita biyu da rabi ba, don haka zai ga sabuwar hanya ko sansani a dajin Sububu ko Dumburum, amma ba zai ga mutum a ƙarƙashin bishiya ba. Wucewa yake yi, ba tsayawa ba, gajimaren damina kuma yana rufe masa ido. An ƙera shi ne don ya yi shekara bakwai, ya daɗe da wuce su. Ko hoton ya fito tas, sai an samu wanda ya iya karanta shi, da wanda zai ɗauki mataki a kan abin da aka gani. Mai karanta hoton nan ɗan makaranta ne da ya iya Lissafi, Fiziks da Jogarafi. Idan ba a samu irinsa daga Shinkafi ba, wanda bai san bambancin fadama da tudu a ƙasarmu ba ne zai karanta mana.

Nan ne labarin Liu Yang ya dawo kanmu, musamman 'yan'uwanmu mata. Mun san yadda ajin kimiyya yake raguwa daga aji huɗu zuwa aji shida, wasu saboda aure, wasu saboda kuɗin jarrabawa, wasu kuma iyaye ne suka janye su bayan abin da ya faru a Jangebe a watan Fabrairu na 2021. Tsoron iyaye gaskiya ne, ba ma raina shi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce kan mace ba ya ɗaukar lissafi, ko a ce aure ya rufe littafi. Rayyanah Barnawi ta Saudiyya mai binciken cutar daji ce, ta je tashar ƙasa da ƙasa a watan Mayu na 2023. A nan gida, Stella Felix tana 'yar sakandare mai shekara 17 a Ile-Ife aka zaɓe ta a 2006 ta shiga jirgin gwajin rashin nauyi a Amurka. Kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tana nan cikin Kaura, ba sai an ƙetare teku ba kafin a fara karatun injiniya.

Tashar Tiangong tana ratsa samanmu. Wani lokaci bayan magariba ko kafin asuba ana ganinta kamar tauraro mai tafiya, ba ta ƙyaftawa irin na jirgin sama, cikin 'yan mintoci ta ɓace. Wanda yake da waya a gida zai iya duba lokacin wucewarta a intanet ya sanar da ƙungiya, mu liƙa a nan.

Ga aikin wannan makon. Daga tsakiyar duniya zuwa doronta kilomita 6,371 ne. Ku ɗauka Tiangong tana nisan kilomita 390 daga doron ƙasa, tana gama kewaye ɗaya a minti 92. Ku nemo tsawon hanyar da take bi a kewaye ɗaya, sannan gudunta a awa ɗaya. A rubuta aikin duka, ba amsa kaɗai ba, da suna da aji, a ba sakataren ƙungiya kafin tashi ranar Alhamis. Za mu liƙa amsoshi uku na farko da suka yi daidai a fitowa ta gaba.